Ɗakin da Jiki Ba Ya Gargaɗi: Aiki Lafiya da Sinadaran Nukiliya

 

Yau za mu leƙa wani ɗaki da yawancinmu ba mu taɓa sa ƙafa a cikinsa ba. Ɗakin bincike ne na kimiyya, inda ake aiki da sinadarai masu fitar da tururin nukiliya, abin da masana ke kira radiyeshin. Kada wani ya ce ai wannan maganar Turai ce. A Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai riyakta, wato tukunyar nukiliya ta bincike. Ƙarama ce, ƙirar ƙasar Sin, ƙarfinta kimanin kilowat 30. Tun shekarar 2004 take aiki. Ba ta ba da wutar lantarki. Da ita ake gano abin da ke cikin ƙasar noma, da dutse, da hatsi, da maganin gargajiya, komai ƙanƙantarsa. A Ghana ma akwai irinta kusa da Akra. Wasu manyan asibitocinmu suna amfani da irin waɗannan sinadarai wajen gano cuta da ƙona sankara. Masu haƙar mai da masu shimfiɗa titi suna yawo da su cikin na'urorin awo.

Su wa ke aiki a waɗannan wurare? 'Ya'yanmu ne. Ɗalibai, malamai, masu kula da na'ura, masu shara, masinjoji, masu gadi. Da yamma gida suke komawa. Su ɗauki yara, su sa hannu a kwano ɗaya da iyali. Shi ya sa maganar ta shafe mu duka.

Akwai magana ɗaya da nake so ku riƙe tun yanzu, za ku kuma ji ina maimaita ta. A wannan ɗaki, jikinka ba zai gargaɗe ka ba. Na'ura ce za ta gargaɗe ka, sai kuma ƙa'idar da aka rubuta.

To, mu fara da kashi na farko: wane irin haɗari ne wannan?

Tururin nan ba shi da launi. Ba shi da wari. Ba shi da ƙara. Lokacin da yake ratsa mutum, ba a jin komai. Ɓarnarsa a cikin ƙwayoyin halittar jiki take. Idan ya yi yawa a lokaci guda, yakan ƙona fata, ya kashe ɓargo, wanda shi ke ƙera jini. Idan kuma kaɗan-kaɗan ne yana taruwa, yakan ƙara yiwuwar kamuwa da sankara bayan shekaru, ko ya kawo yanar ido.

Haɗarin iri biyu ne, kuma dole a bambanta su. Ku dubi garwashi a kasko lokacin sanyi. Idan ka zauna kusa, zafi na dukanka. Ka matsa baya, ya ragu. Ka fita ɗakin, shi ke nan, ba ka tafi da zafin ba. Wannan shi ne haɗari na farko: tururin ya doke ka daga waje. Amma akwai toka. Toka takan hau riga, ta shiga farce, ta bi ka har shimfiɗarka. Wannan shi ne haɗari na biyu: sinadarin da kansa ya manne maka, ko ya shiga cikinka ta baki, ta hanci, ko ta rauni. Bambancin kawai, wannan tokar ba a ganinta, kuma duk inda ta sauka tana ci gaba da ci.

Har yaushe take ci? Ku ji wannan. Marie Curie, matar da ita da mijinta suka gano sinadarin radiyom, ta rasu a 1934 da ciwon lalacewar ɓargo. Littattafan da ta yi rubutu a ɗakin bincikenta suna nan a birnin Paris, a cikin akwatuna masu rufin dalma. Har yau suna fitar da tururi. Radiyom ɗin da ya shafe su sai ya yi shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi.

Ana auna abin da jiki ya sha da wani ma'auni mai suna milisibat. Kowannenmu, ko bai taɓa ganin ɗakin bincike ba, yana shan kimanin milisibat 2.4 a shekara, daga ƙasa, da duwatsu, da sararin sama, da abinci. Haka Allah ya halicci duniya. Ƙa'idar duniya ta ce kada aikin nukiliya ya ƙara wa mutumin gari fiye da milisibat 1 a shekara. Ma'aikaci kuwa iyakarsa 20 a shekara, idan aka raba a kan shekara biyar, kuma kada ya wuce 50 a shekara guda. Mutum kan fara ciwo nan take idan ya sha wajen 1,000 a lokaci ɗaya. Tsakanin 4,000 da 5,000 kuwa, rabin waɗanda suka sha sukan mutu idan ba su sami magani ba. Amma a lura. Wannan 20 ɗin katanga ce ta ƙarshe. Ba rabo ba ne da aka ba ma'aikaci ya cinye. Ɗakin da ake aiki da tsari, yawancin mutanensa ko kusa da ita ba sa zuwa.

Kashi na biyu ke nan za mu shiga: yadda ake kare kai daga dukan waje. Abu uku ne. Lokaci, nisa, shinge. Lokaci, nisa, shinge.

Lokaci a fili yake. Wanda ya yi minti goma kusa da sinadari ya sha ninki biyu na wanda ya yi minti biyar. Don haka ba a hira a gaban teburin aiki. Ba a karanta takardar umarni a gabansa. Tun kafin a buɗe kwalba an riga an haddace aikin.

Nisa shi ne mafi araha, kuma ƙarfinsa na ba mutane mamaki. Idan ka ninka nisanka sau biyu, abin da ke dukanka zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ka ninka sau goma, ya koma ɗaya cikin ɗari. Mu ɗauki 'yar kwalba. Idan ka riƙe ta da yatsu, tsakaninka da sinadarin bai fi santimita ɗaya ba. Idan ka ɗauke ta da awartaki mai tsawon santimita 30, abin da yatsunka za su sha ya ragu kusan sau 900. Awartaki kawai. Ƙarfen da bai kai kuɗin buhun siminti ba.

Shinge kuma ya danganta da irin tururin. Akwai wanda ake kira alfa. Takarda ɗaya ta isa ta tare shi, fatar jiki ma tana tare shi. Amma idan ya shiga ciki, shi ne mafi ɓarna. Akwai bita, wanda ake tarewa da roba mai kauri, garai-garai kamar gilashi. Akwai gama, mai ratsa jiki ya fita, wanda sai dalma ko kankare mai kauri. Akwai kuma niyutiron, wanda ruwa ke rage masa gudu. Shi ya sa zuciyar tukunyar Zariya take can ƙasan rijiyar ruwa. A nan akwai tarko. Wani zai ɗauka dalma ta fi komai, ya jera ta gaban kowane sinadari. Idan bita mai ƙarfi ya doki dalma kai tsaye, kamar na fosforas-32, sai dalmar ta haifar da wani hasken mai ratsa jiki, irin na hoton asibiti. Roba ake sawa a gaba. Wannan ba abin da hankali zai gaya maka ba ne. Sai an koya maka.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, ga mu a kashi na uku, kuma a nan za mu daɗe. Za mu bi wata ɗaliba mai neman digiri na biyu, daga ƙofar shiga har ƙofar fita.

A jikin ƙofa akwai alama: fukafukai uku kamar na fanka, a kan rawaya. Tun 1946 ake amfani da ita. Kafin ɗalibarmu ta tura ƙofar, ta ajiye jakarta a waje. Abinci, ruwan sha, goro, cingam, jan baki, kwalli, duk a waje. Wayarta ma a waje. Ta cire silifas ta sa takalmi sau-ciki. Ta sa rigar aiki, ta ɓalle maɓallai har wuya. Mayafinta ta tura cikin rigar, don kada gefensa ya share tebur. Namiji ma haka. Babbar riga da hannunta mai faɗi ba ta shiga nan. Ta duba hannayenta. Da akwai yanka ko ƙurji da bai warke ba, yau ba ta aiki da sinadarin ruwa ko gari.

Sai ta maƙala dosimita a ƙirji. Ɗan ƙaramin abu ne kamar katin shaida, mai lissafa duk tururin da ya doke ta. Bayan wata ɗaya ko uku a kai shi a karanta. A ji ni da kyau: dosimita ba laya ba ce. Ba ta tare komai. Shaida ce kawai. Kuma shaidarta ba ta da amfani idan aka bar ta a aljihun tebur, ko aka ara wa aboki, ko aka bar ta a mota cikin zafin rana. Idan ɗalibar za ta je asibiti a ɗauke ta hoton ƙirji, ba ta zuwa da ita, don wannan ba lissafin aiki ba ne.

Yanzu na'urar Gaiga, wadda kuke jin tana ƙas-ƙas-ƙas a finafinai. Ita ce ido da kunnen wannan ɗaki. Kafin a amince da ita, sai an yi mata tambaya huɗu. Batir na da ƙarfi? Takardar da ke manne a jikinta ta nuna an daidaita ta cikin shekarar nan? Idan aka kai ta kusa da ɗan sinadarin gwaji da aka tanada, tana amsawa? Sannan, a wuri mai tsabta, nawa take nunawa? Wannan lambar ta ƙarshe da ita za a gwada duk sauran awo na ranar. Na'urar da ba a gwada ba, shirunta ba shi da ma'ana. Shirun na iya nufin babu komai. Yana kuma iya nufin batir ya mutu. Wasu tsofaffin na'urori ma, idan tururi ya fi ƙarfinsu, sai su shaƙe su koma nuna sifiri, a daidai wurin da ya fi kowane haɗari.

Yadda ake riƙe ta ma ilimi ne. Ana kusantar da ita kamar santimita ɗaya daga abin da ake aunawa, ba tare da ta taɓa shi ba. A tafi a hankali. Mai sauri zai tsallake ɗigon da yake nema. Kuma ba kowane sinadari take ji ba. Akwai tiritiyom, wanda tururinsa ba shi da ƙarfin ratsa bakin na'urar. Shi sai an goga 'yar takarda a kan tebur, a jefa ta cikin wani ruwa na musamman, a sa a wata na'urar da ke ƙirga ƙyalli. Wanda ke aiki da tiritiyom yana dogara da Gaiga, yana aiki a makance ne.

Ɗalibarmu ta shimfiɗa takarda mai tsotse ruwa a cikin tire, mai leda a ƙasanta. Duk aikin a cikin tiren za a yi, don idan abu ya zube ya tsaya nan. Ta sa safar hannu biyu, ɗaya kan ɗaya. Kuma jiya ta riga ta yi wannan aikin daga farko har ƙarshe da ruwa mai launi, ba sinadari. A nan ta gano inda gwiwar hannunta ke bugun kwalba. A nan ta gano kwandon shara ya yi mata nisa. A ganina, babu wata ƙa'ida a ɗakin nan da ta kai wannan gwajin amfani, kuma ita ce aka fi tsallakewa, don ana ganinta kamar ɓata lokaci.

Idan sinadarin mai tashi ne a iska, kamar ayodin, to a cikin akwatin zuƙe iska ake buɗe shi. Akwati ne mai gilashi a gaba da fanka a sama, mai jan iska daga wajen mutum zuwa matata. Dalili shi ne, ayodin idan ya shiga jiki yakan tafi kai tsaye ya taru a halittar nan ta wuya, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Kafin ta fara, ta riƙe ɗan zaren takarda a bakin akwatin, ta ga iska na jan sa ciki. Ta sauke gilashin ƙasa da fuskarta. Ba ta cusa kai ciki.

Ga wata matsala da mu muka fi kowa saninta. An ɗauke wuta. Fanka ta tsaya. Akwatin ya zama akwati kawai. Ba a cewa bari in ƙarasa, saura kaɗan. A rufe kwalba, a sauke gilashi har ƙasa, a fita. Ko da janareto zai tashi nan da minti biyu, sai an sake gwada iskar kafin a ci gaba.

Yanzu maganar baki. A ƙasar Amurka, daga wajen 1917 zuwa cikin shekarun 1920, an ɗauki 'yan mata aikin shafa wa fuskar agogo fenti mai radiyom, don ya riƙa haske da dare. An koya musu su riƙa tsotsar bakin burushi don ya yi tsini. Sau ɗari-ɗari a yini. Jiki yana ɗaukar radiyom kamar sinadarin da ke gina ƙashi, sai ya kai shi cikin ƙashi ya ajiye. Haƙoransu suka zube. Muƙamuƙansu suka ruɓe. Da yawa suka mutu da ƙuruciyarsu. Daga ƙarar da wasunsu suka kai kotu ne dokokin kare ma'aikata suka ƙara ƙarfi. Don haka a ɗakin nan babu abin da ke zuwa baki. Ba a zuƙar ruwa da baki ta bututun awo. Ba a cizon biro. Ba a lasar yatsa don buɗe shafi. Ba a ajiye kunu a firjin sinadarai, komai zafin gari. Da safar hannu a hannu, ba a sosa ido, ba a gyara gilashi, ba a kama marikin ƙofa.

An gama aiki. Ta cire safa ta hanyar juya ta, cikinta ya koma waje, ta jefa a kwandon da aka ware. Ta auna tebur, ta auna ƙasa. Sai ta auna kanta: tafin hannu, bayan hannu, tsakanin yatsu, hannun riga, ƙirji, tafin takalmi. Sannan ta wanke hannu, ta sake aunawa. Rigar aiki a nan take kwana. Ba a kai ta gida a haɗa da wankin yara.

Ina roƙon 'yan'uwa Musulmi masu wannan aiki su riƙe wannan musamman. An kira salla, ana sauri a sami jam'i. Alwala tana kai hannu baki, ta kai shi hanci, ta kai shi ido. Awo tukuna, sannan alwala. Awo tukuna, sannan alwala.

Akwai kuma mata masu juna biyu. Da zarar mace ta san ta samu, ta sanar da jami'in kariya na wurin. Na san al'adarmu ta ɓoye ƙaramin ciki, kuma ina girmama ta. Amma ɗan tayi a watannin farko ya fi kowa rauni, kuma iyakar da aka sa masa milisibat 1 ce har zuwa haihuwa. Ba korar ta za a yi ba. Aiki za a canza mata. Wajibin shugabanni ne su riƙe sirrinta, don ta sami ƙarfin faɗa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Kashi na huɗu. Wa haɗari ya fi samu?

Za ku ce sabon shiga. Sabon shiga yana tsoro, tsoron kuma yana tsare shi. Ku ji labarin gwani. Ranar 21 ga Mayu 1946, a Los Alamos ta Amurka, wani masani ɗan Kanada mai suna Louis Slotin yana nuna wa abokan aikinsa wani gwaji. Akwai dunƙulen sinadarin fulutoniyom, ana sauke masa murfin ƙarfe a hankali. Idan murfin ya rufe gaba ɗaya, tururi zai ɓarke. An tanadi 'yan ƙarafan da za a sa a tsakani don hana shi rufewa. Slotin bai sa su ba. Da bakin sukudireba yake tokare murfin, kamar yadda ya sha yi a baya lafiya. Ranar sai sukudireban ya zame. Shuɗin haske ya cika wurin. Ya yi wuf ya ture murfin, amma aikin gama ya gama. Bayan kwana tara ya rasu, yana da shekara 35. Wata tara kafin nan, wannan dunƙulen dai ya kashe wani masanin, Harry Daghlian, wanda ya koma ɗakin gwaji da dare ya ci gaba da aikin ba tare da abokin aiki ba. Bayan mutuwar Slotin aka hana yin gwajin da hannu, aka koma sarrafa shi daga nesa.

Hausawa na cewa sabo turken wawa. Slotin kuwa ba wawa ba ne, yana cikin gwanayen zamaninsa. Abin da ya sa ƙa'idar ke hawa kan farfesa kamar yadda take hawa kan ɗalibi ke nan. Ni a wurina, ɗakin da ɗalibi ba zai iya ce wa malaminsa, ranka ya daɗe, ba ka sa dosimita ba, to ɗakin yana da saura.

Haka maganar makullan tsaro. Akwai manyan ɗakuna da ake haska kaya da sinadarin kobal-60 don kashe ƙwayoyin cuta. Akwai irinsu a Sheda, kusa da Abuja. Ƙofarsu an haɗa ta da na'ura, ba ta buɗuwa sai sinadarin ya koma maɓoyarsa. A El Salvador a 1989, a Isra'ila a 1990, a Belarus a 1991, labarin kusan ɗaya ne. Kaya sun maƙale, ma'aikaci yana so aiki ya ci gaba, ya kewaye tsarin tsaro ya shiga. A kowane wuri an rasa rai. Idan ƙofa ta ƙi buɗuwa, tana gaya maka wani abu ne. Idan ƙararrawa ta yi kuka, a ɗauka gaskiya take faɗa har sai na'urar awo ta nuna akasin haka.

To idan abu ya zube fa? Domin zai zube wata rana, ko a hannun wa. Tsaya. Faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Rufe wurin da takarda mai tsotsewa. Kada kowa ya taka, kada kowa ya fita ya zaga gini kafin a auna takalminsa. A kira jami'in kariya. Ana gogewa daga gefe zuwa tsakiya, don kada a faɗaɗa shi. Idan ya taɓa tufafi, a tuɓe, domin tuɓe kayan sama kaɗai kan kawar da mafi yawansa. Idan ya taɓa fata, ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu, a hankali. Ban da ruwan zafi, ban da dirzawa da soso, don fatar da ta kurje ƙofa ce. Idan kuma wani ya ji mummunan rauni, ceton ransa ne farko, awo daga baya.

Ina kira ga shugabannin irin waɗannan wurare. Ɗalibin da ya zo ya ce na zubar, a gode masa. Idan aka ci masa mutunci gaban jama'a, na gaba zai goge da hankici ya sa a aljihu ya yi shiru. Da safe mai shara ce za ta durƙusa a wurin da tsumma a hannu, ita da ba wanda ya taɓa ba ta dosimita.

Ga kashi na ƙarshe: shara da rajista. A nan maganar ta fito daga ɗakin bincike ta iso ƙofar gidanku.

Kowane sinadari da lokacin da ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Wanda asibiti ke yawan amfani da shi wajen hoto, teknishiyom, awa 6. Ayodin-131, kwana 8. Fosforas-32, kwana 14. Kobal-60, shekara biyar da 'yan watanni. Siziyom-137, shekara 30. Idan aka jira wannan lokaci sau goma, abin da ya rage kashi ɗaya ne cikin dubu. Ga fosforas, wata biyar ke nan a ɗakin ajiya, a sake aunawa, sannan a zubar. Ga siziyom, shekara 300. Don haka ba a haɗa sharar. Kowace leda da sunan sinadari da kwanan wata. Ba a tuttulawa a kwata. Kuma duk abin da ya shigo, duk abin da aka ɗiba, duk abin da ya rage, yana cikin rajista. A Najeriya, hukumar NNRA ce ke ba da lasisi da bin sawun waɗannan kaya. Dokar 1995 ce ta kafa ta, ta fara aiki a 2001.

Me ke faruwa idan abu ya fita daga rajista? A garin Goiania na ƙasar Brazil, wani asibiti ya tashi ya bar tsohuwar na'urar ƙona sankara a kango. A watan Satumba 1987, mutum biyu masu neman tsofaffin ƙarafa suka kwance ta, suka fasa, suka sayar wa mai gwangwan. A ciki akwai garin siziyom, mai shuɗin haske da dare. Mai gwangwan ya kai gida don sha'awa. Ya rarraba wa 'yan'uwa da abokai. Wasu suka shafa a jiki. Wata yarinya 'yar shekara shida ta yi wasa da shi, ta ci abinci da hannun. Mutane suka fara amai da gudawa, aka ɗauka abinci ne. Sai bayan mako biyu matar mai gwangwan ta lura tun zuwan abin nan ciwo ya shigo gidan. Ta sa shi a jaka, ta hau bas, ta kai wa jami'an lafiya. Ta ceci mutane da yawa, amma ita ba ta tsira ba. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinyar. An auna mutum 112,000, aka sami 249 da sinadarin a jikinsu ko a tufafinsu. An rushe gidaje, an kwashe ƙasar unguwa. A Tailan ma, a 2000, kobal-60 ya shiga wurin 'yan gwangwan, mutum uku suka mutu. A Arlit ta Nijar, garin haƙar yuraniyom, masu bincike daga Faransa sun auna a 2003 suka sami tsofaffin ƙarafa masu fitar da tururi ana sayarwa a cikin gari.

Saboda haka, 'yan'uwana 'yan gwangwan da 'yan jari-bola, da maƙera, da masu narka dalma da sanholo, ku matso kusa da rediyo. Idan kuka ga ƙarfe mai alamar fukafukai uku, ku bar shi. Akwai kuma sabuwar alama tun 2007: ja ce mai kusurwa uku, da ƙoƙon kan mutum, da hoton mutum yana gudu. Wani lokaci alamar ta goge. To ku lura da ƙaramin abu mai nauyin da ya fi girmansa nesa ba kusa ba, ko tulun ƙarfe mai dalma a ciki da 'yar taga ko makulli, ko abu mai ɗumi ba tare da rana ta doke shi ba, ko mai haske da dare.

Kada ku ɗauka. Kada ku sa a aljihu. Kada ku fasa, kada ku yanka, kada ku kai gida. Ku ja da baya sosai, ku hana yara zuwa wurin. Ku sanar da 'yan sanda ko mai unguwa, ku ce a kira hukumar nukiliya. Wanda ya riga ya taɓa, ya tuɓe kayansa ya ƙulle a leda, ya yi wanka da sabulu, ya tafi asibiti ko da yana jin garau. A can ya gaya wa likita ainihin abin da ya taɓa, da ranar, da tsawon lokacin da ya yi tare da shi, da sunayen duk waɗanda suka kusance shi. Amai ko ƙunar fata da ba a san dalilinta ba, bayan an taɓa baƙon ƙarfe, a faɗa wa likita maganar ƙarfen tun kafin ya tambaya.

A nan za mu dakata a yau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.